Neman kalma: me za mu kira "ice plant" da Hausa?

Jama'a, sallama. Duk wanda ya ci karo da "ice plant" a aikin fassara, abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne "tsiron ƙanƙara". Ni dai wannan sunan bai kwanta min ba. Bari in fara gabatar da tsiron, sannan mu yanke.

Ƙaramar ciyawa ce mai kaurin ganye cike da ruwa. Shimfiɗuwa take yi a ƙasa, kuma yawanci ba ta wuce shekara guda a raye. Danginta su ne masana ke kira Aizoaceae, iri wajen 1,800, mafi yawansu a kudancin Afirka. Biyu ne suka fi cancantar sunan: Mesembryanthemum crystallinum mai faɗin ganye, da ƙanwarta Mesembryanthemum nodiflorum mai siririn ganye mulmulalle da ɗan farin fure. Masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta su duka biyun a 1753. Ƙaramar, wato mai siririn ganyen, tana bin gaɓar Bahar Rum, da Arewacin Afirka, da tsibiran Kanari, da Gabas ta Tsakiya, da kudancin Afirka. Daga baya ta bi sawun mutane ta zauna a Kalifoniya, da arewa maso yammacin Meziko, da kudancin Ostireliya.

To ina ƙanƙarar? Babu. Fatar ganyen da ta karan a lulluɓe take da wasu ƙwayoyi kumburarru, kowace kamar 'yar salka, cike da ruwa da gishiri. Rana ta haska su, sai su yi ta ƙyalli, Bature ya duba ya tuna da ƙanƙarar ƙasarsa. Shi abin da idonsa ya saba gani ya faɗa. Amma Bahaushe ya ji "tsiron ƙanƙara", hankalinsa zai tafi ƙasashen sanyi ne, alhali wannan ciyawa 'yar rairayi ce da zafin rana da ƙasa mai gishiri. Sunan zai kai mai karatu inda tsiron ba ya nan.

Sauran harsuna ma ba duka suka bi Ingilishi ba. Jamusawa da Faransawa sun riƙe ƙanƙarar, amma masu jin Afirkans na Afirka ta Kudu, da suke zaune da tsiron, "soutslaai" suke cewa, wato latas mai gishiri. Larabawa na ce wa ƙaramar "gasul", daga kalmar wanki, saboda da ita ake wanki. A tsibiran Kanari kuwa ƙona ta aka riƙa yi a ƙarni na 18 da na 19, ana sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilashi, kuma a shekarun yunwa mutanen can sun niƙa 'ya'yan ƙaramar sun ci garin. Kowa da gefen da ya kama.

Shawarwari uku suka shigo hannuna.

Wani malaminmu ya ce a ari sunan gadon maciji, tunda dangi ɗaya ne. Allah gafarta malam, gaskiya ne dangin ɗaya ne, sai dai sunan yana da mai shi. In muka ɗora shi a kan baƙuwa, gobe ɗalibi ba zai bambance su ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo "furen tsakar rana", kuma tana da hujja: tushen sunan Mesembryanthemum a Girkanci ke nan, don furen da rana tsaka yake buɗewa. Matsalar ita ce tun farkon ƙarni na 18 aka gano wasu 'yan dangin da sai dare suke buɗe fure, har aka sauya harafi a sunan saboda haka. Bai kamata mu gaji abin da masu shi suka riga suka gyara ba.

Na uku ya fi jan hankalina: "sha-gishiri". Ginin Hausa ne tsantsa, irin na fasa-ƙaba, kuma ya faɗi gaskiyar halin tsiron. Gishirin da ke kashe wasu tsirrai, ita zuƙe shi take yi ta tara a cikin ƙwayoyin nan, nesa da inda ganye ke sarrafa abinci. In fari ko gishiri ya matsa wa mai faɗin ganyen, sai ta canza tsarin numfashinta ɗungurungum: ta rufe ƙofofin ganye da rana, ta buɗe su da dare ta ɗauki iskar kabon, don kada ruwa ya tsere. Masana tsirrai biyu, Winter da von Willert, ne suka bayyana wannan a 1972, abin da ya sa ta zama 'yar gida a ɗakunan bincike. Ko bayan mutuwa ba ta bar gishirin ba. In ta yi ja ta bushe, hazo da ruwan sama na wanke shi ya zuba a gindinta, ƙasar ta gagari ciyayin da suka riga ta zama, sai nata iri ya tsiro. Da wannan dabara ta mamaye wasu sassan gaɓar Kalifoniya. Kwanson 'ya'yan ma ba ya buɗewa sai ya jiƙe.

Duk da haka "sha-gishiri" ya yi mata yawa. Akwai tsirrai da dama masu jure gishiri, har da itatuwan da ke tsayawa cikin ruwan teku, kuma su ma ba mu da sunan da ya tattara su. Ina ganin mu ajiye "sha-gishiri" ga wannan rukuni gaba ɗaya.

Ita kuwa tamu, abin da na tsaya a kai shi ne "raɓar-gishiri". Ido ya ga kamar raɓa ce ta kwanta a ganye, harshe ya taɓa ya ji gishiri. Kalmar mace ce, ta dace da ciyawa: raɓar-gishiri mai faɗin ganye, raɓar-gishiri mai siririn ganye.

Saura guda. A Kalifoniya ana kiran Carpobrotus edulis, wadda aka shuka a gefen manyan hanyoyi, da wannan suna na Ingilishi, alhali ganyenta sumul ne, ba ƙwaya ko ɗaya. Wannan ba raɓar-gishiri ba ce. Ɗiyanta na kama da ɓaure kuma ana ci, shi ya sa nake tunanin "ɓauren gaɓa". Malamai, ko akwai wanda ya fi?