Da Sanders aka tsayar a 2016, da Trump ya ci kuwa?

Ɗan Talaka:
Jama'a ni har yau abin nan na ci min rai wallahi. Jam'iyyar Democrat ta Amurka ta bar Bernie Sanders mai cewa a biya ma'aikaci aƙalla dala 15 a awa, kowa ya samu asibiti kyauta, ta ɗauko Hillary Clinton ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Me kuke gani?

Malam Na Layi:
Ɗan'uwa nima ina cizon yatsa. Duba Michigan da Wisconsin, Sanders ne ya cinye su a zaɓen fidda gwani, ma'aikatan da aka rufe musu masana'antu shi suke saurare, amma ita Hillary bayan an tsayar da ita ko sau ɗaya ba ta leƙa Wisconsin kamfe ba, sai gashi jihohin biyu da Pennsylvania sun tafi hannun Trump da ratar ƙuri'u ƙasa da dubu 80 a jimlace.

Yaya Hajiya:
Ƙanina a yi adalci dai, ta fi shi ƙuri'a sama da miliyan 3 a fidda gwanin, baƙar fatan kudu ita suka bi.

Ɗan Talaka:
Haka ne Yaya, amma manyan jam'iyya sun jingina da ita tun kafin a fara, wannan ne ke min zafi.