CRP ɗin Baba ya hau, dole kenan sai an yi masa tiyata?

yar_autan_baba:
Salam jama'a, dan Allah masu aikin asibiti ku taimaka min. Yau kwana biyu Babanmu yana kwance, likita ya ce toshewar hanji ce, wai hanjin ne ya manne da tabon aikin da aka taɓa yi masa shekaru da suka wuce. Cikinsa ya kumbura kamar ganga, ba bayan gida ba tusa, an zura masa roba ta hanci wani koren ruwa na ta fitowa, an hana shi ci da sha sai ƙarin ruwa kawai. Kullum da asuba sai an ɗebi jini, jiya na leƙa takardar na ga CRP 38 yau kuma 95, wallahi gabana sai faɗuwa yake. Me wannan lambar ke nufi? Hanjin ya fara ruɓewa ne?

nas_ta_tiyata:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. CRP wani sinadari ne da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki, a lafiyayyen mutum yawanci bai kai 10 ba. Amma fa shi baya nuna wajen da matsalar take, ciwon huhu ma ko ciwon mafitsara zai iya ɗaga shi. Kuma yana da nawa, sai bayan awa 6 zuwa 8 yake fara tashi, ya kai ƙololuwa wajen awa 48, kin ga na yau labarin jiya yake ba ki. Abin da ake tsoro shi ne hanji ya shaƙe jini ya daina kai masa, shi ya sa ake ta maimaita gwajin, hawansa ake bibiya ba lamba ɗaya ba. Daga 38 zuwa 95 kam dole likitoci su ƙara sa ido, ki tambaye su kai tsaye, hakkinku ne.

dalibin_likita:
Anti nas ta gama magana, ƙari kawai zan yi. A takardar gwajin ƙwayoyin jini ki duba fararen ƙwayoyi, daidai shi ne 4,000 zuwa 11,000. Akwai kuma lissafin da ake kira NLR, a raba adadin nutrofil da na limfosayit (nau'i biyu ne na fararen ƙwayoyin), a mai lafiya yakan tsaya tsakanin 1 da 3, idan jiki ya shiga matsi na farkon ya hau na biyun ya sauka sai lambar ta yi sama. Ni abin da ke burge ni da shi ba sai an sake huda mutum ba, daga gwajin da aka riga aka yi ake cire shi. Sai laktet, wani sinadari da ake aunawa a jini, in ya wuce 2 ana zargin jini baya isa wani wuri.

likitan_fida:
Ɗalibi ka yi ƙoƙari amma a yi hattara da laktet ɗin nan, yakan makara, hanji na iya fara mutuwa shi yana nan daidai, kuma bushewar jiki daga yawan amai kaɗai ma tana ɗaga shi. Tsofaffi kuwa sau da yawa fararen ƙwayoyinsu basa hawa ko da ciki ya lalace, na sha ganin haka da idona. Ni sai na ɗora hannu a cikin tukuna, in taɓa in ga ko ya yi tauri kamar katako, ko ciwon da da yake murɗawa ya lafa yanzu ya tsaya cak baya sauka, ga zazzaɓi ga bugun zuciya ya haura 100. In waɗannan suka haɗu da CRP mai hawa, sai hoton CT mai nuna cikin ciki dalla-dalla ko ma a wuce ɗakin tiyata kai tsaye. In babu su, irin wannan toshewar ta mannewa akan jira har awa 72 kuma da yawa tana warwarewa da kanta. 'Yar uwa ki lura da yanayin ciwon nasa, in ya canza ko cikin dare ne ki kira nas nan take, kar ki jira zagayen safe.

yar_autan_baba:
Na gode ƙwarai likita, Allah ya saka da alheri. Yanzu na tambayi Baba ya ce ciwon yana zuwa ne yana tafiya, kuma ba zazzaɓi. Sun ce da yamma za a kai shi CT, zan dawo in faɗa muku, a sa mu a addu'a.