Da me zan wanke akwatin mesata, ƙwari sun ƙi ƙarewa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon macizai da likitocin dabbobi. Ina da ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa idan ta tsorata, shekararta 2 a wurina cikin akwatin gilashi. Mako 3 ke nan nake ganin ƙananan ƙwari baƙaƙe a gefen idonta da ƙarƙashin haɓarta. Yanzu wuni take yi kwance cikin kwanon ruwanta, ta kuma daina cin ɓera, abin ya dame ni ƙwarai.

Na zubar da dusar katakon na shimfiɗa jarida, na wanke akwatin da sabulu da ruwan zafi har sau 2, ƙwarin suka dawo. Na guji Dettol da Izal domin suna cutar da maciji. Ina da Hypo, amma ina tsoron warinsa ya taɓa mata numfashi.

Da ruwa nawa zan surka shi, kuma awa nawa akwatin zai sha iska kafin in mayar da ita? Reshen da take hawa fa, tafasa shi zan yi ko in jefar? Don Allah a taimaka min.