Awon jinina na safe daban, na dare daban: na'urar ce ko jikina?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Shekarata 46, likita ya ce in riƙa auna jinina a gida, sai na sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse. Da safe takan nuna 133/84, da la'asar in na dawo daga aiki 141/88, kafin in kwanta kuma 119/76. Maigidana ya ce na'urar ce ta lalace. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanne zan kai wa likita?

Nas Mai Aikin Dare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na'urarki lafiyarta lau, jini ne ba ya zama wuri ɗaya. In mutum yana barci yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Tun kafin ki farka yake fara hawa, domin jiki na sakin sinadaran da ke shirya shi tashi, ya ci gaba da hawa zuwa rana, da yamma ya fara sauka. Wanda nasa ba ya sauka da dare ma shi muka fi sa wa ido, an fi ganin haka ga masu ciwon ƙoda, ciwon sukari, da masu minshari da numfashinsu ke ɗaukewa cikin barci.

Kada ki kai lamba ɗaya. Ki auna safe da yamma har kwana 7, kowane zama sau biyu da tazarar minti ɗaya, na safe kafin shan magani. Ki rubuta duka. A awon gida, matsakaicin da ya kai 135/85 shi ake ɗauka hawan jini.

Dattijo:
'Yata, wancan 141 ɗin, kina shigowa kika ɗaura ko? Ki fara yin fitsari, ki zauna minti 5 ki jingina bayanki, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Ban da hira, ban da kofi rabin awa kafin nan. Ni surutu kaɗai yana ɗaga mini nawa.

Maman Yara:
Amma fa Yaya, 133/84 na safe ya kusa kan iyaka, kar a ce "ai haka jini yake" ki share. In kuma kika ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ganin dishi-dishi ko nauyin baki, asibiti kai tsaye.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Baba ka canka, ko jaka ban ajiye ba nake aunawa. Nas, hannun dama zan riƙa ɗaurawa ko na hagu?