Yaro yana zazzaɓi amma gwajin maleriya bai nuna komai ba: me ya kamata a duba?

Sabuwar Jami'ar Lafiya:
Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da na kama aiki a wani asibitin sha-ka-tafi da ke karkara, kuma akwai matsalar da take yawan maimaituwa tun da damina ta kankama. Jiya wata uwa ta kawo ɗanta mai wata goma sha huɗu, kwana uku jikinsa da zafi, ma'auni ya nuna digiri 38.7, yana ɗan tari amma yana kama nono yana shan kunu. Na yi masa gwajin gaggawa na maleriya, layi ɗaya kawai ya fito. Da na shaida mata cewa ba zazzaɓin cizon sauro ba ne, sai ta ce ita ta san zazzaɓin ɗanta, idan ba zan ba shi magani ba za ta wuce kemis a yi masa allura. Na ba ta farasitamol na ce ta dawo jibi, amma har yanzu hankalina bai kwanta ba. Ina roƙon magabata su yi mini bayanin abin da ya kamata in duba a jikin irin wannan yaro, da kuma lokacin da ya dace in yi shakkar sakamakon gwajin.

Tsohon Malamin Asibiti:
Wa'alaikumus salam, 'yata. A cikin bayaninki kin ambaci tari, amma ba ki ambaci yawan numfashinsa ba, kuma a wurina nan ne aikin yake. Duk yaron da ya zo da zazzaɓi da tari, kafin ki taɓa shi da wani abu da zai sa shi kuka, ki bar shi a cinyar uwarsa, ki ce ta ɗage masa riga, ki ɗora agogo ko waya a gabanki, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. Kada ki ƙirga na rabin minti ki ninka, domin numfashin ƙananan yara ba ya tafiya bai ɗaya. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara ɗaya, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar kuwa, 40 ko fiye. Ki kuma lura da ƙasan haƙarƙarinsa, ko yana lotsawa ciki a lokacin da yake jan numfashi. Waɗannan su ne alamomin ciwon huhu, kuma ba sa bukatar na'ura, sai ido da haƙuri.

Bayan haka ki leƙa kunnuwansa ko akwai mugunya, ki duba maƙogwaronsa, domin wanda ya ga ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023 ba zai sake sallamar yaro mai zazzaɓi bai buɗe masa baki ba. Ki gwada lanƙwasa wuyansa saboda sanƙarau, ki duba fatarsa da idanunsa saboda ƙyanda, sannan ki buɗe tafin hannunsa ki kwatanta da na uwarsa, don ki ga ko jininsa ya yi ƙasa.

Mai Gwajin Jini:
Ni ta ɓangaren gwajin zan yi magana. Idan an yi shi bisa ƙa'ida abin dogaro ne, kuma yawancin kuskuren da nake gani daga hannun mai yin ne. Ki tabbata wa'adin aikinsa bai ƙare ba, kuma ba a ajiye kwalin a jikin taga ko ƙarƙashin kwanon rufi inda zafi ke dukansa ba. Ki ɗiga adadin ruwan gwajin da takardar kwalin ta ce, ki jira mintunan da ta ce, galibi 15 zuwa 20, domin layi na biyu yakan fito a hankali kuma dishi-dishi, kuma ko dishi-dishi ne ana ƙirga shi. Idan layin tabbatarwa, wato wanda ke nuna cewa gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake. Akasin haka ma yana faruwa: yaron da ya warke daga maleriya zai iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni, saboda sinadarin da gwajin ke nema yana daɗewa a jini. Ina kuma ba ki shawara kada a ja ki zuwa gwajin Widal a ce taifot ne, domin gwaji ne tun na 1896, kuma yakan nuna alamar cutar a jinin mutanen da ba sa ɗauke da ita.

Likitan Yara:
Malama, ba ki yi kuskure ba da kika ƙi bayar da maganin. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya ta hanyar gwaji kafin a yi magani, kuma yawancin irin wannan zazzaɓi na 'yan kwanaki ƙwayoyin cutar mura da dangoginsu ne ke kawo shi, yakan wuce da kansa. Illar bayar da maganin maleriya a makance ita ce uwa ta koma gida da natsuwa, alhali ainihin ciwon yana ci gaba da cin yaron.

Sai dai ina so in ƙara wani abu a kan bayanin Baba, tsohon malamin asibiti. Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya galabaita har ba ya farkawa sosai, to kada layi ɗaya ya tsayar da ke. Ki ba shi taimakon farko da ƙa'idar aikinku ta tanada, ki tura shi babban asibiti nan take. Haka ma jaririn da bai kai wata biyu ba idan jikinsa ya yi zafi, da yaron da ya kwana bakwai yana zazzaɓi kullum. Farasitamol kuma bisa nauyin jiki ake bayar da shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, duk bayan awa shida, kuma ba a ba yaro asfirin. Game da uwar, na lura cewa idan ka ce mata "ba komai", ka tura ta kemis da kanka. Idan kuwa ta ga ka duba ɗanta tun daga kai har ƙafa, ka kuma lissafa mata alamomin da za su sa ta dawo ko da tsakar dare ne, ta fi saurin yarda.

Sabuwar Jami'ar Lafiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ban jira jibi ba, na aika a kira ta da safiyar yau, kuma ashe ba ta je kemis ɗin ba saboda maigidanta ba ya gari. Na bari yaron ya natsu a cinyarta na ƙirga numfashinsa sau biyu, na farko 47, na biyu 46, amma haƙarƙarinsa ba ya lotsawa kuma yana shan nono. Na sake gwajin da sabon kwali, na jira minti 20, layi ɗaya ne dai. Tun da numfashinsa ya haura 40, alamar ciwon huhu ke nan, na fara masa maganin amoksisilin mai narkewa a ruwa bisa nauyinsa, na nuna mata yadda za ta narkar da shi a ɗan ƙaramin kofi, ya sha na farko a gabana, kuma mun yi da ita za ta dawo da shi bayan kwana uku.