Taƙaitawa: sayen hoton fasaha daga mai ɗaukarsa da adana shi

A tattaunawar da aka yi kan wannan batu, ga inda baki ya zo ɗaya:

1. Kafin a biya, a tambayi irin tawada da takarda. Tawada mai ƙwayoyin launi a kan takardar auduga ta fi ta rini jure haske.
2. A duba sa hannu da lamba: 4/25 na nufin na huɗu cikin kwafi 25.
3. Kada gilashin firam ya taɓa hoton. A sa kwali marar asid tsakani, a kewayen hoton, in ba haka ba danshi ya manne su, kuma ɓamɓarewa ɓarna ce.
4. A nisanta shi da rana da bangon banɗaki.

Inda aka rabu: gilashi ko akirilik (wata roba mai kama da gilashi). Akirilik bai da nauyi, ba ya tarwatsewa, amma yana karcewa, yana jan ƙura. An rabu kan sa safar hannu wajen taɓa hoton ma: wasu sun ce wanke hannu da riƙe gefe ya wadatar.