Wane suna za mu raɗa wa "carnival glass" da Hausa?

1. Jama'a, a taya ni neman suna. Kwanuka ne da kofuna da tuluna na gilashi mai sheƙi mai sauya launi da kamfanin Fenton na jihar West Virginia a Amurka ya fara fitarwa wajajen 1908, kafin su Northwood da Imperial da Millersburg su bi sahu. Yau masu tara kayan tarihi suna rububinsu a wuraren gwanjo.

2. Yadda ake yinsu shi zai ba mu hanya. Narkakken gilashi ake zubawa a mazubin ƙarfe mai zane, a danne shi ya ɗauki zanen inabi ko fure ko ɗawisu. Tun yana da zafi sai a fesa masa ruwan gishirin ƙarfe, sheƙin ya kama bayansa. Kayan talaka ne, an yi su don wanda bai da kuɗin gilashin kamfanin Tiffany mai tsada. Mai launin ruwan lemo ya fi yawa, ja kuwa sai an tona. Mai sayen da ya san kan abin yakan ɗaga gindin kwanon ga haske, don a nan ake ganin ainihin launin gilashin, inda feshin bai kai ba.

3. Wani ya ce "gilashin kalankuwa". Ban yarda ba. Sunan Turancin ma daga baya ya zo, wajajen shekarun 1950, saboda lokacin da kasuwarsu ta mutu an riƙa rabar da su kyauta ga wanda ya ci wasa a wuraren shagali, wato "carnival" da Turanci. Fenton kansa Iridill ya kira nasa. Don me za mu gaji sunan da aka samo daga kwantai? "Gilashin biki" kuma, duk wanda ya ji zai ɗauka kayan jeren amarya ake nufi.

4. "Mai bakan gizo" ya fi kusa, amma launukan bakan gizo a jere suke, ba sa motsi. Wannan kuwa kana juya shi a hannu yana sauyawa, kore ya koma shunayya, shunayya ta koma ruwan zinare, sak wuyan tattabara a rana.

5. Don haka ni dai na tsaya a kan "gilashin zubi mai wuyan tattabara". Da tsawo, na sani. Baki zai gutsure shi ya koma "wuyan tattabara" kawai.

6. Masu cewa a saka "tangaran", ku yi haƙuri, tangaran da yumɓu ake yinsa, wannan kuwa gilashi ne zalla. Mutanen Damagaram da Sakkwato, in kuna da wata kalma ta wannan sheƙi mai sauya launi, ku kawo ta mu gwada.